Takalman Mai Ƙidayar Giwayen Teku

Sansanin Punta Mora, gaɓar Valdés
10 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Ofelia,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gaɓa da Allah ya wadata da iska da tsakuwa, ya hana ta itace ko ɗaya. Ina fata kina lafiya, ke da kajinki dubu goma sha biyu da ba sa barinki ki rubuta wa ɗan'uwa layi biyu. Yaya ciwon bayan? Ni dai gwiwar hagu ce ta fara yi mini gardama. Da safe sai na lallaɓa ta kamar tsohuwar alfadara kafin ta yarda ta taka ƙasa. Ban da wannan, da sauƙi.

Giwayen teku, ƙattin dabbobin ruwan nan marasa ƙafafu, sun fara fitowa. Torayen sun iso tun ƙarshen Agusta, kowanne ya fi taraktar marigayi mijinki nauyi, suna jan ciki a kan tsakuwa, hanci a rataye, suna gurnani suna yage wuyan juna. Matan na biyo baya ɗaya bayan ɗaya, su haihu, su shayar sati uku ba ci ba sha, su koma ruwa. Shekara ta ashirin da bakwai ke nan ina taka kilomita goma sha huɗu kullum ina ƙirga su, ina rubuta musu suna a gadon baya da baƙin rinin nan da kuke ɓoye furfura da shi, ina cusa 'ya'yan da aka yaye a buhun tamfol ina ratayawa a sikeli. Shugabar aikinmu Dakta Iriarte ce ke kai lissafin wajen taro a tafa mata. Ban ce ba ta cancanta ba. Ta san aikinta, ba ta kuma taɓa wulaƙanta ni ba. Sai dai ba a taɓa cizonta a cinya ba, ni kuwa sau uku.

Takwararki ban gan ta ba tukuna. Kin san giwar nan Ofe ba ta haihuwa a babbar gaɓa da sauran jama'a, sai a Tukunya, lungun nan da duwatsu suka kewaye, wanda ba a hangen cikinsa daga sama kuma ba mai shiga sai ni da igiyata. Ranar biyar ga Oktoba zan sauka kamar kullum. Shekara goma sha shida tun da na sa mata sunanki saboda faɗa da ƙarar murya, har yau ba ta kunyata ki ba.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Tsuntsayen nan farare masu baƙar hula suna mutuwa. Jiya na tsinci goma sha ɗaya a bakin ruwa. Ɗaya da sauran ransa, yana ta juyawa wuri guda, wuya a murɗe, yana kallon sama. Na nuna wa Fermín, direban motar ruwan da ke kawo mini wasiƙunki. Ya ja da baya ya ce, "Don Hilario, rabu da shi, wannan ya sha giyar da ta fi tawa." Ya yi dariya, amma da na miƙa masa ƙoƙon shayin mate sai ya ce cikinsa ba daɗi. Fermín da ko a jana'iza ba ya ƙin mate.

Na yanke shawara zan zo gida a Disamba. Shekara tara rabona da Santa Brígida. Ki gaya wa wanda ya damu.

Naki,
Hilario Gareis

*

Santa Brígida, Entre Ríos
19 ga Satumba

Hilario,

Na gaishe ka. Bayana yana nan yadda ka sani. Ka shafa wa gwiwar man zafi ka daina ƙorafi.

A tsaye nake rubuta wannan, mota na jirana. Ka saurare ni da kyau. In za ka zo a Disamba, kada ka zo mini da takalman nan naka na aiki, ko buhun nan, ko rigar da kake shiga cikin dabbobin da ita. Ko bakin ƙofar gidana ba za su iso ba. Kai ma ka daina yawo da su ko'ina kamar ba ka san abin da suke kwasowa ba. Ban da lokacin bayani yau, garin nan a hargitse yake. Zan sake rubuto maka.

Ofelia

*

Punta Mora
30 ga Satumba

Ofelia,

Ina gaisuwa, tunda an koya mana gaisuwa. Gwiwa ta gode da man zafi.

Na karanta takardarki sau biyu, na ninke ta na sa ƙarƙashin gwangwanin sukari. Ashe har yanzu maganar takalman tana nan? Na ɗauka ke kaɗai ce a dangi ba ki yi dariya ba ran nan. Bari in tuna miki, ko kin manta. Mama ta rasu ranar uku ga Oktoba, a tsakiyar makon ƙidaya. Saƙo bai iso ni ba sai ranar bakwai. Na yi kwana biyu a mota na iso da kayan jikina, kabari har ya bushe. A ƙofar gidan ubana matar yayana Nélida ta toshe hanci ta ce, "Mai giwaye, a tuɓe takalmi a waje, gidan mutane ne nan." Yara suka fashe da dariya, manya suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na ci abincin makokin uwata da safa mai huda. Abin da ya sa na shekara tara ban dawo ba ke nan, kuma kin sani.

In ba kya son zuwana, ki faɗa kai tsaye, ba sai kin laɓe bayan takalmi ba. Ba zan riƙe ki ba. Gidanki ne, ke kika tsaya a kansa tun da mijinki Anselmo ya rasu, ba wanda ya taya ki, har da ni.

Yanzu ga abin da takalman da kike ƙyama suke takawa. Ciwon ya bar tsuntsaye ya shiga garke. Ya fara daga arewacin babbar gaɓa yana gangarowa kudu, kamar mai bin sawuna. 'Ya'yan ne suka fi faɗuwa. Sai ki ga jariri baƙi sumul, jiya yana tsotso, yau yana rawar jiki, kai na lilo, kumfa a hanci. Kafin ruwa ya cika ya janye sau biyu ya mutu. Uwar ta yi ta shinshina shi tana kira, daga baya ta ja ciki ta faɗa teku tun lokacinta bai yi ba. Shekaranjiya na ƙirga gawa ɗari biyu da arba'in, na daina a nan. Akwai wani toro da na sa wa suna Gwamna, shekara huɗu yana riƙe da mata tamanin, ba namijin da ke kusantarsa. Jiya wani ɗan saurayi ya ratsa ta tsakiyar matansa, Gwamna ko kai bai ɗaga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun. A irin wannan mako, Ofelia, mutum ba ya jin muryar kansa a gaɓar nan saboda kuka da gurnani. Yanzu ina jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin ƙafata.

Dakta tana can gari tana jiran takardar izinin ɗibar samfur. Mun yi magana ta oba-oba ranar Litinin. Ta ce, "Don Hilario, ka daina awo, ka sa safar hannu da takunkumi. Murar tsuntsaye ce. Inda za ka iya, ka ƙirga daga kan tudu da madubin hange."

Na ce, "Tukunya fa, Dakta? Daga sama ba a ganin ko jela."

Ta ce, "Bari in tambaya, zan kira ka."

Tun ran nan na'urar sai shuu take yi. Iska ta karya sandar da ke kan rufi, Fermín ya ce sai zuwansa na gaba zai kawo wata.

To ni ba zan jira ba. Shekara ashirin da shida ba a taɓa samun gurbi a shafin Tukunya ba. Na sauka da zazzaɓi, na sauka da karyayyen yatsa, na sauka ranar da ake binne uwata ban sani ba. In na bar bana, wannan ranar ma ta tafi a banza. Kuma a duk gaɓar nan can ne kawai nake sa ran in ga abu mai rai da lafiyarsa. Ranar biyar zan sauka, da takalmana, don su kaɗai ke riƙe dutsen.

Maganar Disamba ki bar ta.

Hilario

*

Santa Brígida
9 ga Oktoba

Hilario, ɗan'uwana, wawan Allah,

Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Takardarka ta iso yau da rana, na karanta a bakin ƙofa.

Wace Nélida? Wane wari? Ni da na wuni cikin kashin kaji shekara talatin zan toshe wa wani hanci? Ran nan da ka tuɓe takalmi wa ya ɗauko maka silifas ɗin Anselmo? Kai dai abin da aka yi maka na sharri kaɗai kake ajiyewa.

Ran da na rubuta maka, motar da ke jirana ta zuwa gonar maƙwabcina ce. Ciwon nan da ka gani a wuyan tsuntsu shi ya shiga ɗakunan kajinsa. Da na karanta yadda ka kwatanta shi, wuya a murɗe yana juyawa, nan take na gane shi, don da idona na ga haka a gonarsa kwana biyu kafin nan. An haƙa rami da katafila, an zuba kaji dubu talatin, masu ciwo da masu lafiya, an rufe da farar ƙasa. Mutumin yana tsaye yana kallo, hularsa a hannu. Likitan dabbobi ya tara mu ya ce mu daina kallon sama kawai muna zargin agwagin daji. Ya ce ciwon yana tafiya a tayar mota, a buhu, a ƙasan takalmi. Ɗan kashin da ya maƙale a tsagin takalmi ya isa ya kashe ɗaki guda. Tun ran nan akwai daro da ruwan magani a ƙofar kowane ɗaki nawa, kuma ko fada ne ya zo daga coci sai ya tsoma ƙafa.

Abin da nake nufi ke nan! Kada ka kwaso daga inda ake mutuwa ka kai inda ba a fara ba. Laifina ne da ban tsaya na ƙara layi uku ba, na yarda. Amma kai ma da ka tambaye ni maimakon ka hau dokin zuciya.

Na buga waya ofishinku na gari. Wata ta ce ba sa samunka, sai an gyara na'ura. Na duba kalanda, biyar ga wata ta wuce da kwana huɗu. Ina ta roƙon Allah ya sa gwiwar nan ta hana ka, ko igiyar ta ɓace, ko ruwa ya ƙi janyewa.

Ka sauka? Ka gaya mini gaskiya. In ba ka sauka ba, ka ƙona takalman da buhun, ka dafa tufafinka, ka bar Tukunya ta zauna ba lissafi bana. Takarda ba ta mutuwa don an bar layi ɗaya fari.

Taka,
Ofelia

*

Santa Brígida
28 ga Oktoba

Hilario,

Gaisuwa. Kajina suna nan da rai, an ɗebi jininsu sau biyu ba a ga komai ba.

Kwana goma sha tara ba amsa. Kullum sai na je gidan waya, har mai rabon wasiƙa ya fara kau da kai in ya hango ni. A rediyo an ce an rufe gaɓarku, an hana kowa kusantar dabbobin. An kuma ce ciwon yana iya kama mutum. In fushi kake yi, ka yi fushinka a takarda, zan karanta. In kuwa ba ka iya riƙe alƙalami, ka sa Fermín ɗin nan ya rubuta mini kalma ɗaya.

Ofelia

*

Punta Mora
6 ga Nuwamba

'Yar'uwata Ofelia,

Na gaishe ki, na kuma gode Allah da kajinki suka tsira. Ina da rai. Na kwana takwas a asibitin gari, an keɓe ni ɗaki ni kaɗai, masu shigowa duk a rufe kamar masu ɗibar zuma. Zazzaɓi ne ya kayar da ni, suka ɗauka ciwon ne. Ba shi ba ne. Tafin ƙafata ne ya yanke ya ruɓe. Yadda aka yi ya yanke, shi ne amsar tambayarki.

Na sauka.

Ranar biyar da hantsi ruwa ya janye, na ɗaura igiya na gangara. Tun ina rabin dutse na ji su. Kuka, gurnani, jarirai na kiran uwa, duk hayaniyar da na yi sati biyu ban ji ba. Na tsaya a kan igiya ina saurare kamar wanda ya ji ƙararrawar cocin garinsu. Mata sittin da uku, 'ya'ya hamsin da bakwai, gawa ko ɗaya babu. Ko mushen tsuntsu ban gani ba, kuma na duba. Takwararki tana can gindin dutse inda ta saba, ta haifi namiji mai ƙiba. Ta buɗe mini baki ta zage ni tas. Na lallaɓa ta baya na sabunta mata sunan, haruffa uku, baƙi wuluk. Na yi awa biyu ina ratsa tsakaninsu. Na tsallake jarirai, na taka inda suke kwanciya, wani ma ya biyo ni yana shinshinar ƙafata, na ture shi da gefen takalmi ina dariya. Takalman da a safiyar ranar na ratsa babbar gaɓa da su. Safar hannu na sa, takunkumi na sa, duk abin da aka ce na yi. Ƙasa ce ban duba ba.

Takardarki ta biyu ta iso ranar sha tara. Fermín ya miƙo mini ta tagar mota da bakin yatsu biyu ya ce, "Daga budurwar taka mai kaji." Na buɗe a gabansa. Ban san yadda fuskata ta yi ba, sai ji na yi ya kashe inji ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce ban sani ba tukuna.

Na ciro takardarki ta farko daga ƙarƙashin gwangwanin sukari na sake karantawa. "Kamar ba ka san abin da suke kwasowa ba." A rubuce yake, Ofelia. Kin faɗa, ya kuma iso ni kwana shida kafin in sauka. Kada ki ɗora wa kanki layi ukun da ba ki ƙara ba. Ni ne na karanta muryar Nélida a rubutun hannunki.

A ranar na zuba wa takalman da buhun kananzir na cinna musu wuta, na dafa tufafi, na jiƙa igiya a ruwan bilic. Ba ni da wasu takalman da za su riƙe dutse, kuma ba zan iya jiran kwana goma kafin Fermín ya kawo wasu ba. Washegari na sauka ba takalmi.

A rabin dutse na tsaya na kasa kunne. Ruwa kawai.

Mata tara na samu, 'ya'ya huɗu masu numfashi, biyu a cikinsu kai na lilo. Sauran suna kwance a jere inda igiyar ruwa ta tara su, manyan tsuntsayen nan masu cin mushe sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ɗan Ofe yana gindin dutsen, na gane shi da wurin. Ita ban gan ta ba. Na bi gawar kowace uwa na duba bayanta, goma sha huɗu, ba mai sunanki. Ko ta koma teku da ranta, ko ta mutu a can, ba mai sani sai Satumba mai zuwa. A wajen hawowa ne dutse ya yanke ni, ban ma ji ba.

Dakta Iriarte ta zo asibiti ta tsaya bayan gilashi. Na gaya mata komai. Ta ce, "Don Hilario, tsuntsaye ba sa neman igiya kafin su shiga Tukunya. Duk gaɓar ƙasar nan haka ta zama, har inda ƙafar mutum ba ta taɓa zuwa ba. Ka ga mushen tsuntsu a can?"

Na ce, "A karo na biyu na ga uku. A na farko babu."

Ta ce, "To ka gani."

Na ce, "Ban ga komai ba, Dakta. Kin iya rantsewa ba ni ba ne?"

Ba ta iya ba, kuma na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ita ma da laifinta, ta yi maganar hannu da hanci ta manta ƙafa. Ta ce ba dole sai an rubuta batun takalman ba, lissafin kaɗai ya isa. Na ce a'a. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa rubuta giwar da ban gani ba, ba kuma zan ɓoye wadda na taka ba. Jiya da na dawo na buɗe shafin Tukunya na rubuta lissafin ranaku biyun. A ƙasa na ƙara da cewa mai ƙidaya ya shiga ranar biyar da takalman da ya ratsa garke mai ciwo da su, bayan an gargaɗe shi. Na sa hannu. Duk wanda zai karanta bayan na mutu ya san da wannan, ya yi hukuncinsa. Wataƙila su ce kada a sake barina in sauka. In sun faɗa, ba su zalunce ni ba.

Layin da na ƙi bari fari, ga shi na cika shi.

Ban san ko har yanzu kina son mai irin wannan ƙafa a gidan da ke da kaji dubu goma sha biyu ba. In kin ce a'a, wannan karon zan karanta abin da kika rubuta.

Naki,
Hilario

*

Santa Brígida
16 ga Nuwamba

Hilario,

Na gaishe ka, ina yi wa ƙafa sannu. Kada ka cire bandejin don ka ga kamar ta warke, na san halinka.

Ba zan ce maka ba kai ba ne, tunda ban sani ba, kuma ba za ka yarda ba. Maƙwabcina har yau bai san ko takalminsa ne ko agwagin daji ba. Yana tashi da safe yana shara a ɗakunan da ba kowa.

Ga sharaɗina, ka karanta a hankali, ba na son a sake. Ka bar duk abin da ya taɓa gaɓar nan a can, har hula. Ka yi sati biyu a gari kafin ka hau mota. In ka iso, ba za ka shiga ɗakin kaji ba ko da wasa. Daro yana bakin ƙofa, za ka tsoma ƙafa kamar yadda fada yake yi, kamar yadda nake yi, ba kuma wanda zai yi dariya.

A gefen daron akwai takalman Anselmo na zuwa gona, lamba arba'in da uku. Shekara shida suna jiran ƙafa. Na goge su jiya. Ka sa su ka je ka gaida kabarin Mama, in Satumba ta yi kuma ka tafi da su ka dubo mini takwarata.

Taka,
Ofelia